Kansar sikwamas: sauyi barkatai a takardar gwaji, amma ina maganin saitin?

Ɗalibar Ajin Ƙarshe:

Assalamu alaikum malamaina. Akwai abin da ya ɗaure mini kai game da kansar huhu. Idan nau'in adino ce, wato wadda ke tasowa daga ƙwayoyin da ke fitar da majina, ana duba sauyi a ƙwayoyin gadon EGFR ko ALK, in an dace sai a ɗora mutum a kan ƙwaya ɗaya a rana, kamar osimertinib miligiram 80, kuma ƙarin ya yi ta motsewa. Amma da zarar an ce sikwamas ce, sai maganar ta koma kemo da gashi, wato ƙona ƙarin da haske, da allurar tada garkuwar jiki. To ga shi kuma littattafai sun ce sikwamas tana cikin kansar da ta fi yawan sauyi a DNA. Ina sauye-sauyen suka tafi da ba a yi musu magani ba?

Tambaya ta biyu ta aiki ce. A ce dattijo ne mai shekara 60 da ɗoriya, ya sha sigari shekara 30, an tsakuro nama daga huhunsa an ce sikwamas ce, ta riga ta bazu. 'Ya'yansa suna so a aika naman waje a karanta DNA ɗinsa gaba ɗaya, kuma sai sun sayar da wani abu kafin kuɗin ya haɗu. A ba su goyon baya, ko a ce su riƙe kuɗinsu? Haka ma mai kansar baki ko maƙogwaro, amsar ɗaya ce?

Likitan Kansa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Yawan sauyi ba shi ne yawan abin harbi ba, nan ne kan zaren.

Sikwamas suna ne na ƙwayoyin da ke shimfiɗe falle-falle a saman fata, cikin baki, maƙogwaro, hanyar abinci, bakin mahaifa da dubura. Hanyoyin iskar huhu asalinsu ba irin wannan shimfiɗar gare su ba, hayaƙi ne ke gasa su shekara da shekaru har su rikiɗe su koma haka. Shi ya sa sikwamas ta huhu ta fi kama da ta maƙogwaro da ta hanyar abinci a DNA, fiye da yadda take kama da adino da suke zaune huhu ɗaya.

A 2012 shirin TCGA na Amurka ya karanta DNA na sikwamas ɗin huhu guda 178. TP53 ya lalace a fiye da kashi 80 cikin 100. CDKN2A ya mutu a kashi 72. Layin NFE2L2 da KEAP1 ya taɓu a kashi 34, layin PI3K a kashi 47, sannan masu kula da yadda ƙwayar sikwamas ke balaga, wato SOX2, TP63 da NOTCH1, a kashi 44. A 2015 suka yi na kai da wuya, guda 279, hoton ya fito kusan iri ɗaya ga waɗanda ba ƙwayar cutar HPV ce ta jawo ba.

Yanzu dubi manyan biyun, TP53 da CDKN2A. Dukansu ƙwayoyin gado ne masu aikin birki ga hayayyafar ƙwaya. Sauyin EGFR na adino kuwa totur ne da ya maƙale. Totur in ya maƙale akwai inda za ka sa hannu ka danne, kuma aikin da ƙwayar magani ta iya ke nan: ta shiga wani ɗan rami a jikin furotin mai rawar kai ta toshe shi. Birkin da ya tsinke ya faɗi a hanya fa, me za ka toshe? Har yau babu ƙwayar maganin da aka amince da ita wadda ke gyara lalataccen p53, furotin ɗin TP53, ya koma bakin aiki. SOX2 da TP63 su kuma ƙaruwa suke yi, amma furotin ne masu manne wa DNA, jikinsu sumul, babu ramin da magani zai zauna.

Ba wai ba a gwada ba. An fi sa rai a kan FGFR1, domin yana ninkuwa a kusan kashi 20 na sikwamas ɗin huhu, kuma yana da ramin. A 2014 aka buɗe babban gwajin Lung-MAP a Amurka, ana karanta DNA a rarraba majinyata: mai FGFR a ba shi AZD4547, mai PIK3CA a ba shi taselisib, mai matsalar layin CDK4 a ba shi palbociclib. Waɗanda ƙarinsu ya motse ba su wuce kashi 5 zuwa 7 ba a kowane rukuni. Ki kwatanta da osimertinib a adino mai EGFR, inda kusan 8 cikin 10 ke amsawa.

Dalilan faɗuwar sun fi alƙaluman amfani. Na farko, ninkuwa ba dogaro ba ne. Yankin 8p11 da FGFR1 ke zaune ana ninka shi ne da maƙwabtansa, har da NSD3, kuma sau da yawa maƙwabcin ne kansar ke so, FGFR1 rakiya ya yi. Na biyu, sauyin PIK3CA yakan zo ne daga baya, a wani sashe na ƙarin kawai, kuma a kan TP53 da CDKN2A da suka riga suka lalace. Ka kashe wannan sashe, sauran su cike gurbi. Sannan magungunan PI3K suna harba sukarin jini, insulin ya tashi, insulin ɗin ya sake kunna layin da kake son kashewa. An kuma gwada dasatinib a kan DDR2, illa ta yi yawa, amfani kaɗan.

Abin da ya samu shiga kaɗan ne: necitumumab a 2015, wanda tare da kemo ya ɗaga matsakaicin rayuwa daga wata 9.9 zuwa 11.5, da afatinib bayan kemo, wata 7.9 maimakon 6.8 na erlotinib. Kuma babu ɗayansu da ake zaɓa wa mutum saboda wani sauyi.

Inda yawan sauyin ya yi rana shi ne garkuwar jiki. Kowane sauyi na iya haifar da furotin mai baƙuwar fuska da sojojin jiki za su gane, in an cire musu takunkumin PD-1. A gwajin KEYNOTE-407 an ba da pembrolizumab, mai cire wannan takunkumi, miligiram 200 duk mako uku tare da carboplatin da paclitaxel zagaye huɗu, sannan pembrolizumab ita kaɗai har zuwa zagaye 35. Bayan shekara biyar kashi 18.4 suna raye, a kan 9.7 na masu kemo zalla.

Saboda haka dattijonki, ni shawarata su riƙe kuɗin. A tabbatar sikwamas ce, a yi gwajin PD-L1 mai nuna yiwuwar amsa allurar garkuwa, sauran kuɗin ya tafi magani. Kuma ki kiyaye biyu: bevacizumab ba a ba mai sikwamas ɗin huhu, domin ƙarin yakan zauna tsakiya kusa da manyan jijiyoyi, an ga masu tarin jini har mutuwa, pemetrexed kuma ba ta aiki sosai a cikinta.

Mai Duba Nama:

Ranka ya daɗe Dakta, na yarda da kai a kan wannan dattijo, amma kada ƙanwarmu ta tafi da cewa duk takardar da aka rubuta wa sikwamas an rufe zance. Sai an tambaya: sikwamas a wane nama, kuma da wane rini?

Naman da allura ke tsakurowa bai fi silin tsintsiya kauri ba, daga ƙarin da zai kai girman lemo. Akwai kansar da ke gauraye, wani gefe adino wani gefe sikwamas, allura ta faɗa gefen sikwamas. Irin wannan tana iya ɗauke da EGFR ko ALK. Don haka a aika gwajin DNA idan mutum bai taɓa shan sigari ba ko kaɗan ya sha, idan yaro ne ga irin wannan cuta, ko naman ƙarami ne kuma siffarsa ba ta fito fili ba. Matar da ba ta taɓa riƙe sigari ba aka ce sikwamas, wannan kam a karanta. A nema har da tsallaken sashe na 14 na MET, domin yana fitowa jefi-jefi a sikwamas kuma yana da capmatinib da tepotinib. Idan an aika, gwajin ya haɗa da RNA, saboda haɗewar ƙwayoyin gado biyu irin na ALK da NTRK da wannan tsallake na MET suna iya kuɓuce wa DNA kaɗai.

Rini biyu sun isa raba gardama: p40 da TTF-1. In p40 ta kama ko'ina, TTF-1 ba ta kama ba, sikwamas ce. Kada a dogara da p63, tana kama wasu adino. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a yi rini takwas ko goma a ɗan wannan nama, kowane yanka yana cin nasa, wuƙa kuma tana aske wani duk lokacin da aka sake ɗora bulon kakin da naman ke ciki. Ranar da za a nemi PD-L1 sai a tarar kakin ne kawai ya rage. A yanka gilasai da yawa a zama ɗaya tun farko.

Ga saurayi ko budurwa mai ƙari a tsakiyar ƙirji ko cikin hanci, ƙwayoyinsa duk kamanninsu ɗaya, da ɗan tsibirin sikwamas nan da can ba zato, a yi rinin NUT. Wannan cuta ce daban, ta haɗewar BRD4 da NUTM1, kuma gudu gare ta.

Sai inda aka fi yin asara tun kafin naman ya bar asibiti. Fomalin ya zama kashi 10 mai daidaitaccen tsami, ba wanda aka sirka da ruwan famfo aka bar shi wata da watanni a jarka ba, domin wannan yana komawa asid ya tsinka DNA gutsi-gutsi. Naman ya shiga cikinsa kafin awa ɗaya da cirewa. Ruwan ya ninka naman aƙalla sau 10. Ya zauna awa 6 zuwa 72, ba mako biyu a kan tebur ana jiran 'yan uwa su haɗa kuɗi ba. Fomalin yana ratsa nama ne wajen milimita ɗaya a awa, don haka babban nama sai an tsaga shi, in ba haka ba bayansa ya dafu cikinsa ya ruɓe. Wanda ya daɗe a fomalin kuma yana ƙirƙiro sauyin ƙarya, harafin C ya koma T, na'ura ta karanta shi kamar gaske. In ƙashi ne, kamar muƙamuƙi, a tausasa shi da EDTA. Asid mai ƙarfi ya fi sauri amma bayan shi babu DNA babu PD-L1 abin yarda. Kafin a aika bulo, a duba cewa ƙwayoyin kansa sun kai aƙalla kashi 20 na abin da ke gilashin. Sikwamas tana da yawan mataccen nama da ɓawo, sai a biya kuɗi takarda ta dawo da cewa samfurin bai isa ba.

Gwajin jini na DNA ɗin kansa yana taimako in nama ya ƙare, da sharaɗi biyu. In bai ga komai ba, ba shaida ba ce cewa babu. In kuma ya ga TP53 kaɗan a tsoho mai shan sigari, yana iya zama daga ƙwayoyin jininsa ne da suka tsufa, ba daga ƙarin ba.

Wani abin mamaki a gefe: masu bincike a Cibiyar Sanger ta Ingila sun duba fatar ido ta lafiyayyun mutane a 2015, suka tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayoyin suna ɗauke da sauyin da ake dangantawa da kansa. A 2018 suka duba hanyar abinci, sai ga sauyin NOTCH1 ya fi yawa a lafiyayyen nama fiye da cikin kansar. To ganin NOTCH1 a takarda ba ya nufin an kama ɓarawon.

Ɗalibar Ajin Ƙarshe:

Allah ya saka da alheri malamaina. Saura na baki da maƙogwaro. Cetuximab ai EGFR take hari, kuma a sikwamas ake ba da ita. Ba sai an gwada EGFR kafin a fara ba? Sannan in rinin p16 ya kama, shi ke nan HPV ce?

Likitan Kai da Wuya:

A'a ƙanwata, ba a gwada EGFR kafin cetuximab. Kusan 9 cikin 10 na sikwamas ɗin kai da wuya suna da furotin ɗin EGFR jingim a bayansu, amma ba sauyi ba ne irin na adino, yawa ne kawai, kuma yawan bai nuna wa zai amsa ba. Gwajin RAS da ake yi kafin cetuximab na kansar hanji ne, kada ki gauraya.

Amfaninta sananne ne, iyakarta ma haka. Tare da gashi, a gwajin da ya fito a 2006, matsakaicin rayuwa ya kai wata 49 a kan 29.3 na gashi kaɗai. A cutar da ta dawo ko ta bazu, gwajin EXTREME na 2008, inda aka haɗa ta da kemo, ya ba da wata 10.1 a kan 7.4 na kemo zalla. Amma da aka gwada ta da cisplatin fuska da fuska a masu HPV, a gwajin RTOG 1016 da De-ESCALaTE, cisplatin ce ta yi nasara, tsohuwar mai araha. Don haka duk wanda ƙodarsa da jinsa suke lafiya, cisplatin miligiram 100 ga kowace murabba'in mita ta faɗin jiki duk mako uku, ko 40 duk mako, tare da gashi girei 70, wato ma'aunin yawan gashi, a zama 35. Cetuximab ta wanda ba zai iya ɗaukar cisplatin ba ce.

In za a ba da ita, ita ma da miligiram ga kowace murabba'in mita ake aunawa: 400 a karon farko cikin awa biyu, sannan 250 duk mako cikin awa ɗaya, ko 500 duk mako biyu. A yi allurar maganin borin jini minti 30 zuwa 60 kafin farawa, adirenalin yana kusa, domin mummunan borin yakan zo ne a karon farko. A kudu maso gabashin Amurka an gano cizon kaska ne ke sa jiki ya ƙi wani sukari da ke jikin maganin, don haka a tambayi mutum ko jan nama yana sa shi bori. Ƙuraje suna fesowa a fuska da ƙirji cikin mako biyu. A baƙar fata jan ba ya nunawa, sai ki ga ƙananan ƙuraje masu ruwa da tabo baƙi, kada a raina su. Doxycycline miligiram 100 safe da yamma da man shafawa suna rage su. Magniziyam kuma yana zurarewa ta fitsari, a riƙa auna shi har mako 8 bayan an daina.

Batun p16, a fahimci dabarar. HPV ba ta buƙatar sauya TP53. Furotin ɗinta E6 yana sa a narkar da p53, E7 yana ɗaure Rb, wanda shi ma birki ne, sai ƙwayar ta yi ta zuba p16 tana neman taka birkin da ba ya nan. Ana ƙirga ta kama ne in aƙalla kashi 70 na ƙwayoyin sun rinu sosai a cibiyar ƙwayar da kewayenta. Amma wannan hukunci na gindin harshe ne da tansil kawai. A leɓe, gefen harshe, dasashi ko akwatin murya, p16 ba ta tsaya wa HPV ba. Kuma kamawarta tana nuna kyakkyawan zato ne da canjin matakin cuta, ba izinin rage magani ba.

Gwajin da ke canja takardar magani a cutar da ta bazu shi ne PD-L1 da lissafin CPS: a ƙirga ƙwayoyin kansa da na garkuwa da suka rinu, a raba da adadin ƙwayoyin kansa masu rai, a ninka da 100, kuma sai gilashi yana da ƙwayoyin kansa masu rai aƙalla 100. A huhu ƙwayoyin kansa kaɗai ake ƙirgawa, don haka a rubuta wa ɗakin gwaji daga ina naman ya fito. A KEYNOTE-048, masu CPS 20 zuwa sama sun samu wata 14.9 da pembrolizumab ita kaɗai, a kan 10.7 na tsarin EXTREME.

Sauyi ɗaya da ya ba da ƙwarin gwiwa shi ne HRAS, a kashi 4 zuwa 8. HRAS ba ya iya manne wa bangon ƙwaya sai an liƙa masa wani ɗan kitse ta hanya guda tak, KRAS da NRAS kuwa suna da ɓarauniyar hanya. Tipifarnib tana toshe wannan hanya guda. A ƙaramin gwaji, 11 cikin 20 sun amsa, amma sai waɗanda sauyin ya kai kashi 20 na DNA ɗin da aka karanta. Magani ne na bincike, ba na kanti ba.

In za a sa maganin kemo 5-FU, akwai gwajin gado da ya fi duk waɗannan kusa da ceton rai: DPYD, ƙwayar gadon da ke sa jiki ya narkar da maganin. Nau'i huɗun da yawancin ɗakunan gwaji na Turai ke dubawa na Turawa ne. Wanda ake samu a 'yan asalin Afirka, c.557A>G, sai an nemi a sa shi.

Ma'aikaciyar Ɗakin Gashi:

Malamai kun yi bayani ya wadatar, ƙari kaɗan ne daga ɓangaren abin da ya fi zuwa mana.

Kansar bakin mahaifa mafi yawanta sikwamas ce, HPV 16 da 18 ke jawo kusan kashi 70. PIK3CA yana yawan sauyawa a cikinta amma babu maganinsa da aka amince da shi a nan. Abin da ke warkarwa shi ne gashin waje da cisplatin 40 duk mako da gashin ciki, a kammala duka cikin kwana 56. Duk ranar da aka ƙara bayan haka ana asarar wajen kashi 1 cikin 100 na damar kashe ƙarin, domin sikwamas tana ƙara saurin hayayyafa da zarar an fara gasa ta. A kai da wuya ma haka ne. To in iyali suka zuba kuɗi a gwajin DNA, na mota da masauki ya yanke a mako na huɗu, sun sayar da babba sun sayi ƙarami. Rigakafin HPV kuma ya shiga jadawalin Najeriya tun Oktoban 2023, allura ɗaya ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14.

A fata a raba biyu. Ta zabiya rana ce ke jawo ta, kuma rana tana barin sa hannunta a DNA, C ya koma T, wani lokaci CC ya koma TT, da yawan da ya fi na kusan kowace kansa. Shi ya sa allurar garkuwa cemiplimab, miligiram 350 duk mako uku, wadda aka amince da ita a 2018, take motsar da ƙarin kusan rabin waɗanda aka ba. Amma wadda ta tsiro a tsohon tabon wuta ko gyambon ƙafa na shekaru, ba rana ce ta yi ta ba, kada a ɗauki waccan ƙididdiga a ɗora mata kai tsaye. Dukansu wuƙa da wuri ce magani: milimita 4 na lafiyayyar fata a kewaye in ƙarama ce, 6 zuwa sama in mai haɗari ce. Mai dashen ƙoda kuma a yi taka-tsantsan, allurar garkuwa tana iya sa jiki ya ƙi ƙodar. Ta mafitsara da tsargiya ke jawowa ita ma sikwamas ce, kuma erdafitinib da ake ji ana ba masu FGFR3 an gwada ta ne a ɗaya nau'in kansar mafitsarar.

Ƙanwata, in kin ga sikwamas ɗin baki a matashin da bai kai 40 ba, ba taba ba giya, ki duba tsayinsa, manyan yatsun hannunsa, tabon fata da ƙididdigar jininsa. Cutar Fanconi ce ake tsoro, kuma mai ita cisplatin na iya kashe shi.

Kafin fara pembrolizumab ko cemiplimab a duba ciwon hanta na B, HIV da tarin fuka. Bayan an fara, gudawa sau huɗu ko fiye a rana sama da yadda ya saba ba a sallamarta da maganin taifot: a dakatar da allurar, a duba bahaya, in babu ƙwayar cuta a fara prednisolone miligiram 1 ga kowane kilo, a sauke a hankali cikin mako 4 zuwa 6. Sabon tari da haki kuma sai hoton ƙirji da gwajin majina tare, domin kumburin huhu na maganin da tarin fuka kamanninsu ɗaya a ido, kuma prednisolone da ke kwantar da na farko ita ce ke hura na biyu.